Ɗaci da Tsami: Nazari a kan Ma'aunin Abin Shan Hatsi, daga Ingila zuwa Ƙasar Damagaram

Gabatarwa

A Ingila akwai wata giya da ake dafawa da tsiron sha'ir, masu shanta suna ce mata *bitter*, wato mai ɗaci. Duk shekara ana zaunar da alƙalai su ɗanɗana ta, su ba ta maki, su fitar da gwani cikin masu dafa ta. A ƙasar Hausa ma an daɗe ana jiƙa hatsi, a tsirar da shi ko a bar shi ya yi tsami, a mayar da shi abin sha, wani halal wani haram: fura da koko da kunun zaƙi a gefe guda, burkutu a ɗaya gefen. Sai dai duk cikinsu babu wanda ake yabo saboda ɗaci. Abin da harshen Bahaushe ke nema a cikin ƙwarya shi ne tsami daidai misali, da garɗi, da kauri.

Wannan nazari yana bin sawun wannan bambanci ne. Ra'ayin da zai tsaya a kai shi ne, kowace al'umma takan wayi gari tana yabon ɗanɗanon abin da ke tsare mata abin sha daga lalacewa. Turawan Ingila sun dogara da wani fure mai ɗaci, ɗaci ya zama musu abin yabo. Mutanen Sahel sun dogara da tsamin da hatsi ke yi idan ya kwana, tsami ya zama nasu ma'aunin. An ɗauki Guna ta ƙasar Damagaram, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Gouna, a matsayin wurin tsayawa a duba lamarin. Haramcin giya a Musulunci kuwa a fili yake, ba a nan ake jayayya a kansa ba. Amma malamin fiƙihu da jami'in lafiya da mai sana'ar kunu duk suna da bukatar sanin abin da ke faruwa a cikin tukunya idan hatsi ya kwana cikin ruwa, domin a nan ne iyakar halal da haram take.

Guna da abin shanta

Guna ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mirriya, kudu da birnin Zinder. Yankin yana cikin ƙasashen da daular Damagaram ta haɗiye a ƙarni na 19, lokacin da ta rinjayi masarautun Sosebaki irin su Mirriya da Wacha da Dungas. Ƙarfin daular ya kai ƙololuwa a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, kafin Faransawa su ci Zinder a 1899, su mayar da ita hedikwatar ƙasar Nijar daga 1911 zuwa 1926. Manoman wannan yanki gero da dawa da wake da gyaɗa suke nomawa, kuma kamar sauran ƴan Nijar, waɗanda ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin ɗari Musulmi ne, abin shansu na yau da kullum fura ce da kunu da shayi.

Amma tarihin ƙasar Hausa ya fi haka tsawo. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa mai dafa giya cikin manyan mutanen Barbushe a gindin Dala, kafaɗa da kafaɗa da maƙeri da mai magani. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano ya fitar da littafinsa a 1946, ya tarar da giyar dawa a tsakiyar bukukuwansu da tsafinsu. Guy Nicolas ya yi irin wannan aiki a kan Annan kwarin Maraɗi. A kudu kuma, Robert Netting ya nuna a 1964 yadda giyar hatsi take zama ladan aikin gayya da kuɗin tara da sadakar kakanni a wurin Kofyar na ƙasar Filato. Ke nan ilimin tsirar da hatsi da tsamar da shi tsoho ne a wannan shiyya. Da Musulunci ya kafu sai ya rufe ƙofar maye, ilimin ya ci gaba da zama a hannun mata, a bakin murhu.

Inda ɗacin giyar Ingila ya samo asali

Har zuwa wajen ƙarni na 15, giyar Ingila ba ta da wani ɗaci na a zo a gani, kuma ba ta jimawa take lalacewa. Daga ƙasashen Holan da Filandas aka kawo musu al'adar zuba furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, aka kuma fara noma shi a lardin Kent a ƙarni na 16. Idan aka tafasa furen cikin ruwan tsiro, wasu sinadarai da ke cikin ƙaronsa sukan sauya siffa su narke, su ba ruwan ɗaci. Babban aikinsu shi ne hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa, musamman masu sa tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono. Giyar da a da take tsami cikin ƴan kwanaki sai ta koma tana yin makonni, har watanni, ana iya ɗaukar ta a ganga a kai ta garuruwa masu nisa.

Abubuwa uku suka ɗaukaka mai ɗacin a ƙarni na 19. Na farko ruwan garin Burton, a bakin kogin Trent, wanda ke ratsa duwatsun farar ƙasa mai sinadarin salfet. Wannan ruwa yana fito da ɗacin hof tsaf, ba ya barin shi ya yi nauyi a baki. Har yau masu dafa giya a wasu garuruwa suna zuba wannan sinadari a ruwansu don su kwaikwayi na Burton. Na biyu jirgin ƙasa, wanda ya iso garin a 1839, ya buɗe wa kamfanoni irin su Bass, da aka kafa tun 1777, kasuwar London. Na uku soke harajin gilashi a 1845. Da kofin gilashi ya yi araha, sai mai sha ya fara ganin abin da yake sha, garau ɗin giya da launinta suka shiga cikin abin dubawa.

A tsakiyar ƙarni na 20 manyan kamfanoni suka haɗiye ƙanana, suka koma tace giya da kashe yis ɗinta da dura mata iska a gangar ƙarfe. Masu ƙyamar wannan sauyi suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar da ake bari ta ƙarasa nuna a cikin gangarta. Ita ce ke shirya gasar fitar da zakaran giyar Birtaniya. A 1998 wata mai ɗaci da ake kira Bluebird, daga wani ɗan ƙaramin wurin dahuwa a bayan wata mashaya a ƙauyen Coniston, ta lashe gasar, alhali ƙarfin barasarta bai wuce kashi 3.6 cikin ɗari ba. Rangwamen haraji da gwamnati ta yi wa ƙananan masu dahuwa a 2002 ya ƙara yawansu ƙwarai.

Zaman alƙalai

Tsarin da ya fi yaɗuwa a gasannin ƙananan masu dahuwa shi ne na hukumar BJCP, wadda aka kafa a Amurka a 1985 don horar da alƙalai da yi musu jarrabawa. Takardarta tana da maki 50: ƙanshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda abin ke zama a baki 5, sai hukuncin gaba ɗaya 10. Hukumar ta raba mai ɗaci gida uku gwargwadon ƙarfin barasa: ta yau da kullum daga kashi 3.2 zuwa 3.8, ta tsakiya daga 3.8 zuwa 4.6, mai ƙarfi daga 4.6 zuwa 6.2. Shi kansa ɗacin yana da ma'auni, IBU, wanda ɗaya daga cikinsa ya yi kusan miligiram ɗaya na sinadarin hof a lita guda. Ta yau da kullum takan faɗa tsakanin 25 da 35.

Ga yadda zaman yake. Ana kawo wa alƙali kofi mai lamba, ba sunan mai dahuwa, ba tambarin kamfani. Ba a kawo ta da sanyin ƙanƙara, domin sanyi yana rufe ƙanshi; ana son ta a wajen digiri 11 zuwa 13. Hanci ne ke fara aiki, tun kafin ido, saboda ƙanshin farko ba ya daɗewa. Alƙali yana neman ƙanshin gasasshen hatsi daga tsiro, da na ganye ko fure daga hof, da ɗan ƙanshin ƴaƴan itace da yis ke bari. Sai ya ɗaga kofin wajen haske ya duba launi, daga ruwan zinariya zuwa na tagulla, ya ga ko ya yi garau. Sai ya kurɓa, ya juya a baki, ya haɗiye. Masu ɗanɗana giyar inabi sukan tofar, amma na giyar sha'ir suna haɗiyewa, domin rabin hukuncin yana cikin abin da ya rage a maƙogwaro: shin ɗacin ya wuce ya bar baki a bushe, ko ya maƙale yana maƙaƙi? Tsakanin kofi da kofi yana kurkure baki da ruwa, ya ci ɗan busasshen biskit.

Abin lura shi ne, ba wadda ta fi ɗaci ce ke cin gasa ba. Ana neman daidaito: ɗaci ya jagoranta, zaƙin tsiro ya tallafe shi, kada ɗaya ya danne ɗaya. Sannan kowane aibi yana da suna da sanadi. Ƙanshin man shanu idan ya yi yawa, alama ce an raba giya da yis tun bai gama aikinsa ba. Warin dafaffiyar masara yana nuna tafasar ba ta kai ba. Warin jiƙaƙƙen kwali shaidar iska ta shiga ce. Warin bodari kuwa hasken rana ne ya taɓa sinadarin hof, shi ya sa aka fi zuba giya a kwalba mai duhu. Tsami, a wannan nau'i, aibi ne babba: yana nufin bakteriya ta fi ƙarfin hof. Tun 1979 wani masani ɗan Denmak, Morten Meilgaard, ya jagoranci tsara waɗannan kalmomi a kan wani zane mai siffar da'ira, don alƙalin London da na Chicago su riƙa nufin abu ɗaya idan sun faɗi kalma ɗaya.

Wannan tsantseni na ma'auni ya amfani kimiyya baki ɗaya. A ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke Kofanhagen ne Emil Hansen ya ware tsantsar yis a 1883, a nan kuma Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909. Shi ma gwajin lissafi da ɗaliban ƙididdiga ke kira na Student, wani ma'aikacin kamfanin giya na Guinness ne, William Gosset, ya wallafa shi a 1908.

Tukunyar burkutu

Burkutu ɗan gida ɗaya ne da dolo na Burkina Faso da Mali, da fito na Gana, da cukutu na Benin da Togo, da bilbil na arewacin Kamaru. Kusan ko'ina mata ne ke dafa shi, kuma da jar dawa. Ana jiƙa dawar, a tsame, a shanya a inuwa a lulluɓe, ana yayyafa ruwa har kwana huɗu ko biyar, sai ta fitar da tsiro. A busar a rana, a murje saiwoyin, a niƙa. Murje saiwar yana da dalili: ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke zama guba, wanda makiyayi ya san shi tun da daɗewa, shi ya sa ba ya barin shanunsa su faɗa wa gyauron dawa.

A mataki na gaba ne gwanintar take. Hatsi idan ya tsira yana samar da wasu sinadarai, inzayim, masu narka sitaci su mayar da shi sukari. Sitacin sha'ir yana nuna a zafin da bai wuce wajen digiri 60 ba, inzayim na nan da ransa, saboda haka Baturen Burton tukunya ɗaya ta ishe shi. Sitacin dawa kuwa sai zafi ya kai wajen 70 ko fiye, kuma a wannan zafin inzayim ya fara mutuwa. Masu dolo da masu burkutu da dama sun warware wannan matsala ba tare da ma'aunin zafi ba. Sukan dama garin tsiro da ruwa, su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, domin a cikinsa inzayim yake. Sai su tafasa guggubin da ya kwanta har ya nuna, su bari ya huce kaɗan, su mayar masa da ruwan da suka ajiye. Nan da nan kaurin ya saki, zaƙi ya fito. A Burkina har sukan sa ruwan karan kuɓewa ko ɓawon dargaza don yauƙinsu ya ja dusa ƙasa.

Daga nan sai a bar shi ya kwana. Bakteriyar tsami, wadda hof ke kashewa a Ingila, ita ce ake jira a nan. Idan tsamin ya kai yadda ake so, wanda mai dahuwa ke ganewa da harshenta, sai ta sake tafasawa na sa'o'i don ta tsayar da shi, ta bari ya huce, ta zuba ragowar na jiya a matsayin iri. Yis ya kama aiki kwana ɗaya ko biyu. Binciken da Faparusi da abokan aikinsa suka wallafa a 1973 daga Ibadan ya bi diddigin waɗannan ƙwayoyin halitta. Ma'aunin pH na burkutu yakan sauka ƙasa da 4, kuma a irin wannan tsami yawancin ƙwayoyin da ke sa ciwon ciki ba sa iya yaɗuwa. Kariyar gajera ce, ta kwana ɗaya zuwa ƴan kwanaki, amma a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 kuma hof ba ya fitowa, domin shi tsiron ƙasashen da ke tsakanin layi na 35 da na 55 ne alhali Zinder tana wajen na 14, ita ce kariyar da ake da ita.

To da me masu shansa ke auna shi? A wurare da yawa al'ada ce mai giya ta ba mai saye ɗanɗano a ƴar ƙaramar ƙwarya kafin a yi ciniki. Yana duba ko yana tsattsafo da ƙananan kumfa, alamar yis na raye. Yana duba kauri, kada a ce an tsinka shi da ruwa. Yana jin ko tsami da ragowar zaƙi sun yi daidai, ko ƙauri ya kama shi daga gindin tukunya, ko baurin jar dawa ya yi yawa. Garau ba ya cikin lissafi, tunda ƙwarya ba gilashi ba ce. Kuma hukuncin na sa'a ne: wanda ya yi zaƙi da hantsi zai yi ƙarfi da la'asar, washegari ya doshi zama ruwan tsami tsantsa. Da za a ajiye burkutu gaban alƙalin BJCP a rukunin mai ɗaci, zai faɗi a kan tsami da gurɓata da dusa, wato abubuwan da masu shi ke nema. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Dawar ta shiga masana'anta daga baya. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir Nijeriya a 1988, kamfanonin giya suka koma kan dawa da masara, irin dawa na SK5912 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fitar ya samu kasuwa. Masana a jami'o'in ƙasar sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hof. Su Habashawa tuni suna da nasu ganyen ɗaci, gesho, da suke sa wa giyarsu ta gida. Lemon tsiro marar barasa, irin su Maltina da ta fito a 1976, shi ma daga wannan sana'a ya ɓullo, ga shi yau ana rabon sa a walima da suna.

Iyakar da shari'a ta shata

Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida su ne suka yanke hukuncin giya. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya nuna tambayar ta taɓo hatsi kai tsaye, domin ya yi tambaya ne a kan abin shan mutanen Yaman, wani na zuma wani na hatsi, aka ba shi amsa da ƙa'idar da ta game duk abin da ke sa maye. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Damagaram da Kano da Sakkwato, ta tafi a kan cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. A kan wannan turba Mu'azu Haɗeja ya rubuta Waƙar Giya yana gargaɗi.

Abin sha'awa ga mai nazari shi ne yadda malamai suka gane iyakar da alamomin da gaɓɓai ke riska. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha ruwansa, amma ba ya wuce kwana na uku. Malamai sun ɗauki tafasar abin sha da kansa ba wuta, da fitar kumfa, da kaifin da yake yi, a matsayin alamar ya juya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ambaci hanin jiƙa irin wannan abin sha a cikin duma da kwanon da aka shafe da kwalta. Masu sharhi sun ce dalili shi ne suna gaggauta juyawarsa. Kimiyyar yau ta yarda: ramukan cikin duma suna riƙe yis na jiya, komai wankin da aka yi masa.

Mai kunun zaƙi a kan wannan iyaka take aiki kullum. Takan jiƙa gero ko dawa, ta niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa kashi ɗaya tafasasshen ruwa ya yi kauri, ya ɗan huce, sai ta haɗa shi da ɗanyen kashin da aka niƙa da dankali ko tsiron shinkafa. Kafin safiya kaurin ya saki, zaƙi ya fito, ɗan tsami ya shiga. Dabarar raba ƙullu biyu ita ce dai ta tukunyar dawa. Bambancin shi ne mai kunu ba ta zuba irin yis, ba ta kuma ba shi kwanakin da zai juya. Idan gorar roba ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe, ko kunun ya fara cizon harshe, kowace mace ta san maganarsa ta ƙare: ya kwana, sai zubarwa.

Inda Bahaushe ya ajiye ɗacinsa

Kada a ɗauka Bahaushe ba ya son ɗaci. Ya ware masa wuri ne daban da ƙwaryar hatsi. Goro ne babban misali. Fatake sun yi ƙarnoni suna zuwa Gwanja dominsa, kuma ƴan goro suna da ma'auninsu: marsa daban, minu daban, fari daban da ja, daushe kuma yana da masu nemansa. Abin da ake yabo a goro mai kyau shi ne ya yi ƙaras a haƙori, ɗacinsa ya wuce ba yauƙi, ya bar zaƙi idan an kora da ruwa. Wannan bai yi nisa da abin da alƙalin Ingila ke nema a maƙogwaronsa ba.

Na biyu shi ne shayi. A fadojin samari na Zinder da garuruwan kewayenta, waɗanda Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kan irinsu a 2019, ana dafa koren ganyen shayi na Sin a ƴar buta kan gawayi, a sha shi hawa uku. Na farko ɗaci ne ke mulki, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi ya rinjaya. Ana auna mai dahuwa da kumfar da ya tayar wajen juye shayin daga buta zuwa kofi, da yadda ya sa sukari ya rage kaifin ɗaci ba tare da ya kashe shi ba. Ga gauta, ga shuwaka a miya. Duk waɗannan ɗacinsu na asali ne. A fura ko kunu kuwa, ɗaci yana nufin hatsin ya ruɓe, ko ya yi fumfuna a rumbu, ko an ƙona shi. Harshen da ya ƙi shi a nan yana kare cikin mai shi ne.

Abin da ya rage ba a rubuta ba

Macen Guna da ke dama fura tana da ma'auni mai zurfi kamar na kowane alƙali. Ta san geron da aka surfa da kyau aka rege tsakuwarsa. Ta san furar da ta dahu har ciki da wadda aka sauke da ɗanyen gari a tsakiya. Ta san wadda ta sha kirɓi ta yi danƙo, tana damuwa ba gudaji. Ta san kindirmo da tsala, ta kuma san nonon da aka ƙara wa ruwan kuka don ya yi auki. Amma wannan sani bai zama takarda ba, kuma akwai dalili na al'ada. A wurinmu yabon abinci ana cikin ci santi ne, abin dariya; kushe shi a gaban mai shi kuma rashin kunya ne. Saboda haka hukunci yakan fito ta bayan gida: a ce wance tana da hannu, ko a ga ƙwaryar wata ta ƙare tun kafin azahar, ta wata kuma ta kai la'asar.

Wannan ya wadatar lokacin da mai yi da mai sha suke unguwa ɗaya. Yanzu fura da kunu da nono sun shiga gorar roba da firji, ana kai su tasha da shaguna, mai sha bai san mai yi ba. A irin wannan kasuwa ana bukatar abubuwa huɗu da alƙalan giya suka ƙware a kai, kuma babu ɗayansu da ya shafi barasa. A ɓoye sunan mai abu, don kunya da sanayya su fita daga hukunci. A raba aibi da son rai: wani ya fi son tsami, wani zaƙi, amma tsakuwa aibi ce a wurin kowa. A ba kowane aibi suna a haɗa shi da sanadinsa, don mai sana'a ta san abin da za ta gyara. Sannan a yi amfani da gwajin kofi uku da aka inganta a Carlsberg a shekarun 1940: biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce wa mai ɗanɗano ya nuna na daban. Mai cinke zai dace sau ɗaya ne cikin uku, saboda haka idan mutane da yawa suka gane shi, bambancin gaskiya ne. Da wannan za a iya sanin ko sabon irin gero ya sauya ɗanɗanon fura, ko niƙan inji ya kai dakan turmi.

Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ɗacin giyar Ingila da tsamin abin shan Sahel amsa biyu ne ga matsala ɗaya, wato yadda za a hana ruwan hatsi zama cuta. Yanayi da irin hatsi da tsiron da ƙasa ke iya fitarwa su suka zaɓa wa kowa amsarsa, harshe ya bi baya ya mayar da ita abin so. Ya kuma nuna cewa dabarar tsiro da raba ƙullu tana nan a kunun zaƙi, ta tsamarwa kuma har a koko da fura, cikin iyakar da shari'a ta yarda. Abin da ya rage shi ne a tattara ta. Kira a nan ga Jami'ar André Salifou ta Zinder da cibiyar binciken aikin gona ta INRAN da takwarorinsu na Samaru da Kano: su zauna da masu fura da masu kunu na Guna da Mirriya da makamantansu, su rubuta ma'auninsu da Hausa, da kalmomin da su matan ke amfani da su, su fitar da takardar maki da ƙungiyoyin mata za su iya aiki da ita. Tsofaffin da suka fi kowa sanin wannan aiki suna raye yanzu, kuma yanzu ne lokacin tambayarsu.